Fayil a Kulle, Sirri a Kasuwa

A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, wadda ke fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet, ta bankaɗo wasu shafuka da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya ga duk wanda ya miƙa kuɗi. Don kada a ce ƙage ne, mutanenta suka gwada da kansu, suka sayi takardar lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta ministan sadarwa a kan naira 100. Ba wanda ya tambaye su ko su wane ne, balle abin da za su yi da ita.

Wata 10 bayan haka, ranar 11 ga Afrilun 2025, Kotun Ƙoli ta rufe wata shari'a da ta faro tun 2014 a jihar Edo. Wasu 'yan ƙasa ne, da Austin Osakue a gaba, suka rubuta wa hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar suna neman ganin yadda aka kashe kuɗin shirin. Aka hana su. Suka je Babbar Kotu suka yi nasara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta soke nasarar, ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta tarayya ce, ba ta hau kan jihohi ba. Sai a 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati.

Naira 100 ta isa a sayi sirrin minista, amma sai da aka kwashe shekara 11 kafin a tabbatar wa ɗan ƙasa ikon leƙa fayil ɗin jiharsa. Abin ya zo a juye. Takardar gwamnati, wadda da kuɗin jama'a aka rubuta ta, ita ce ke kulle a kabad, bayanan talaka kuwa, waɗanda amana ce ya bayar, su ne ke yawo a kasuwa. Akwai fannin shari'a da aikinsa ke nan, ya buɗe na farkon ya rufe na biyun, ya kuma tsara abin da ya halatta da abin da ya haramta a sadarwar zamani. Shi ake kira dokar bayanai. Dokokinsa na nan a rubuce, da yawansu ma masu kyau ne. Masu karanta su da kyau su yi aiki da su ne suka yi ƙaranci, musamman a Arewa, kuma wannan gurbi na matasa ne.

Ɗalibin da ya samu gurbi a tsangayar shari'a ta Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo ko Maiduguri, yawanci idonsa na kan shari'ar zaɓe, ko ta filaye, ko ta kamfanoni, domin can ya ga manyan lauyoyi sun yi suna. Ba laifi ba ne. Sai dai waɗannan hanyoyi sun cika maƙil, kuma yaro sabon fitowa daga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda zai daɗe yana riƙon jakar wani kafin a ji muryarsa. A dokar bayanai kuwa babu tsofaffin hannu da yawa. Dokar kare bayanai ta 2023 ce. Wanda ya zauna ya karance ta a aji uku na jami'a zai iya sanin ta fiye da lauyan da ya shekara 30 yana sa baƙar riga.

Wurin farawa shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, domin gajeriya ce, sashe 32 kacal, ana iya karance ta tsakanin la'asar da magariba. Amma tarihinta dogo ne. Tun 1993, a zamanin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa suka fara tsara ta. Ta shiga majalisa a 1999. Majalisa ta amince da ita, Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa mata hannu ba, aka koma farko. Sai ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Kafin wannan rana, abin da ma'aikacin gwamnati ya sani shi ne Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da rantsuwar da ya yi cewa ba zai fitar da abin da ke cikin fayil ba. Wannan tarbiyya ba ta mutu ba, har gobe ita ce ke zaune a bayan tebura da yawa.

Wanda ya karanta dokar a tsanake zai ga yadda ta tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi. Sashe na 1 ya ce kowa na da ikon neman bayani, kuma ba dole ba ne ya faɗi dalilinsa. Wato idan magatakarda ya ce, "Kai wane ne, me za ka yi da shi?", doka ba ta ba shi wannan tambaya ba. Sashe na 3 ya tuna da wanda bai iya rubutu ba da mai lalurar jiki: wani zai iya nema a madadinsu, kuma idan mutum ya zo ya nema da baki, jami'in ne zai rubuta ya ba shi kwafi. Hukuma na da kwana 7 ta bayar ko ta rubuto dalilin hanawa tare da sashen da ta dogara da shi, tana iya ƙara wasu kwana 7 idan takardun na da yawa. Shiru ma amsa ce, doka ta ɗauke shi a matsayin hanawa, daga nan mai nema na da kwana 30 ya garzaya kotu. A kotun kuma nauyin kawo hujja na wuyan hukuma. Kuɗin da za a karɓa bai wuce na kwafin takarda ba. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Har kamfani mai zaman kansa dokar ta kamo, muddin yana aiki da kuɗin gwamnati ko yana yi wa jama'a aikin da na gwamnati ne.

Duk wannan ba ya shiga jiki sai an gwada. Ɗalibin da ke son fannin da gaske ya zaɓi aiki guda a unguwarsu ko ƙauyensu, asibitin sha-ka-tafi da aka kafa wa allo aka bari, ko rijiyar burtsatse da ta yi wata biyu ta ƙafe. Ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga shugaban ma'aikatar, ya ambaci dokar, ya jera abin da yake so dalla-dalla: sunan ɗan kwangila, kuɗin da aka amince, nawa aka biya da ranakun biya, takardar shaidar kammala aiki. Kada ya yi zagi, kada ya yi wa'azi, kada ya tambayi ra'ayi, takardu kawai zai nema. Ya buga kwafi biyu ya kai ofishin rajista. A nan ne darasin yake. Ma'aikacin zai juya takardar, ya ce oga ba ya nan, ko ya ce a ajiye a dawo. Ɗalibin ya yi haƙuri, ya yi ladabi, amma kada ya bar wurin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafinsa, da kwanan wata da sa hannu. Wannan ɗan tambarin shuɗin tawada shi ne mafarin ƙidayar kwana 7, kuma shi ne abu na farko da alƙali zai nema. Wanda ya fito ba tare da shi ba, a idon kotu bai taɓa zuwa ba.

Sau da yawa amsa ba za ta zo ba. Wannan ma ilimi ne, domin a nan ɗalibi zai gane tazarar da ke tsakanin doka a takarda da doka a ofis. Dokar ta wajabta wa kowace hukuma ta aika wa Antoni Janar rahoton buƙatun da ta samu kafin 1 ga Fabrairu na kowace shekara, ta kuma riƙa wallafa wasu bayanai da kanta ba sai an tambaya ba. Hukumomi masu yawa ba sa yin ko ɗaya. Ƙungiyoyi irin su SERAP da PPDC da BudgIT, da CITAD a Kano, sun daɗe suna bibiyar irin wannan, amma ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ta fi ƙarfin ƙungiyoyi ƙalilan.

Kada wani ya ɗauka wannan harka ce ta 'yan boko da 'yan jarida kawai. A Indiya talakawan karkara ne suka haifi dokar. A jihar Rajasthan, leburorin da ke aikin gwamnati na ranar-ranar suka ga ana zaftare musu lada, suka haɗu a ƙungiyar MKSS wadda Aruna Roy da abokanta suka kafa a 1990, suka nace sai an nuna musu rajistar ma'aikata. Da suka samu kwafi, sai suka riƙa tara gari a fili ana karanta sunaye da ƙarfi. Nan aka ji sunayen matattu suna karɓar lada, aka ji an biya kuɗin ginin da ba wanda ya taɓa gani. Daga waɗannan tarurruka aka kai ga dokar ƙasa a 2005. Ƙarfin abin bai tsaya a samun takarda ba, ya zo ne lokacin da aka karanta ta da harshen mutanen da ta shafa. Matashin da zai iya karɓo takardar kwangila da Turanci ya zauna a ƙofar dagaci ya warware ta da Hausa, ko ya kai ta gidan rediyo, ya yi rabin aikin da dokar ke bukata.

Ɗaya ɓangaren, kare bayanan mutum, ya fi kusa da rayuwar yau da kullum fiye da yadda ake zato. A leƙa shagon fotokwafi da ke bakin ƙofar kowace sakatariya ko jami'a. A ƙarƙashin tebur akwai kwali cike da kwafin da bai fito da kyau ba: takardar NIN, katin zaɓe, takardar haihuwa, sakamakon gwajin asibiti. A kwamfutar shagon akwai hotunan fasfo da takardun ɗaruruwan mutane da aka ɗauka ba a goge ba. Da yamma wani yaro zai kwashi takardun kwalin ya kai wa mai ƙosai ko mai gyaɗa. A gefe kuma mai POS na da littafi da ya jera sunaye da lambobin asusu da lambobin waya na duk wanda ya cire kuɗi. Ba mai mugun nufi a cikinsu. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da ke hannunsu amana ce da doka ta san da ita.

Hatsarin ya ƙaru ne tun da aka ɗaure komai wuri guda. Babban Banki ya kawo BVN a 2014. A Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, kuma masu lambar sun haura miliyan 100 tun 2023. Yanzu NIN, mai lamba 11, ita ce ke riƙe da layin mutum da asusunsa da fasfonsa da jarabawar ɗansa. Wanda ya samu wannan lamba da ranar haihuwa da lambar waya ya samu abin da zai kira dattijo a ƙauye ya ce daga banki ne, ya karanto masa bayanansa daidai, dattijon ya yarda ya faɗi lambar sirrin da aka turo masa.

Manhajojin ba da rance su ne suka nuna wa mutane mummunar fuskar abin. Mutum zai ci bashin naira dubu kaɗan, ya danna "na yarda" bai karanta ba, manhajar ta kwashe duk lambobin da ke wayarsa. Ranar da ya makara, sai surukinsa da limamin unguwa da shugabansa a wurin aiki su samu saƙo cewa wane ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa. A ƙasar da mutunci ya fi dukiya, wannan ba ƙaramin kisa ba ne. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan. A 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu, daga baya Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan da ke waya.

A lokacin, abin da ake da shi ƙa'ida ce da NITDA ta fitar a Janairun 2019, sai sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ruhinta mai sauƙi ne. Kada a karɓi bayanin mutum sai da dalilin da doka ta yarda da shi. Kada a karɓi fiye da bukata, kada a yi amfani da shi a wani abin da ba don shi aka karɓa ba, kada a riƙe shi bayan bukata ta ƙare. Mai bayanin na da ikon tambaya me aka riƙe a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya sa a goge, ya janye yardarsa. Lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zanen yatsa na da kariya ta musamman, bayanan yara kuma sai da yardar iyaye ko masu riƙo. Idan aka yi kutse mai hatsari ga mutane, kamfani na da awa 72 ya sanar da hukuma. Manyan masu riƙe bayanai na iya biyan tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Mai karatu zai ga ta ɗebo da yawa daga dokar Tarayyar Turai ta GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018, shi ya sa karanta su tare ke da amfani.

An fara ganin haƙoranta. A Agustan 2024 NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, bankin ya musanta laifin. Wata guda kafin nan FCCPC, bayan binciken da ta yi tare da hukumar kare bayanai, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta tabbatar da ita a Afrilun 2025. Tunda tara ta fara cizo, bankuna da asibitoci da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji sun fara neman jami'in kare bayanai, wanda doka ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanai su naɗa. Ba lallai ne ya zama lauya ba. Wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta, ko aikin jarida, ko ilimin ɗakin karatu da adana takardu, zai iya shiga idan ya san dokar da yadda ake aiki da ita.

A nan ya kamata a ja kunnen matashi. Akwai masu shiga fannin don takardar shaida kawai, su haddace sassa, su riƙa kwafo wa kamfanoni dogon rubutun "manufar sirri" da ba mai karantawa. Wannan ciniki ne, kuma ba ya kare kowa. Tambayar da ta fi wuya ita ce: mece ce yarda a wurin matar da ke sansanin 'yan gudun hijira, wadda aka ce ta dangwala yatsa kafin a ba ta buhun masara? Ta yarda ne, ko yunwa ce ta yarda? Maraya da aka ɗauki hotonsa yana karɓar kayan sallah aka watsa a Facebook, wa ya tambaye shi? Takardar yarda da aka rubuta da Turanci aka miƙa wa wanda ajami kaɗai ya iya, ta cika sharaɗin doka na cewa mutum ya fahimci abin da ya amince da shi? Waɗannan tambayoyi a Maiduguri da Gusau da Katsina suke, kuma ɗan wurin ne ya fi cancanta ya ɗauke su.

Bai kuma kamata ya ji cewa baƙon ilimi yake karantawa ba. Bahaushe ya san sallama, ya san zaure, ya san "ba shiga" da ake rubutawa a ƙofar gida. Suratun Nur ta shar'anta neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ta kuma yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi. Wayar mutum a yau ita ce ƙuryar ɗakinsa. Ɗalibin da ke haɗa shari'ar Musulunci da ta zamani a digirinsa na da abin faɗa a wannan fanni wanda takwaransa na Landan ba shi da shi.

Dokokin biyu sukan yi karo, kuma a wurin karon ake gane gwani. Dokar samun bayanai da kanta, a sashe na 14, ta hana fitar da bayanan da suka shafi rayuwar mutum, sai idan ya yarda ko maslahar jama'a ta rinjayi sirrinsa. To jerin sunayen waɗanda aka ce an raba wa tallafi fa? Jami'in da ba ya son a gano sunayen bogi zai yi saurin fakewa da kare bayanai. Mai neman tona asiri kuma zai so a watsa har lambobin wayar zawarawan da suka karɓa. Duk biyun sun kauce. Dokar samun bayanai ta ba da mafita a sashe na 18: a rufe abin da ya kamata a rufe, a saki sauran. Ana iya sakin adadi da unguwanni da kuɗi da ranaku, a ɓoye lambar waya da ta asusu. Sirri haƙƙin mai rauni ne, kuma duk lokacin da mai mulki ya ara shi ya lulluɓe kuɗin jama'a, aikin masanin dokar ne ya ƙwace.

Sai sadarwar zamani, inda matasa suka fi shiga hannu. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta zo ne don 'yan damfara da masu kutse, amma sashenta na 24 ya yi faɗi har ya haɗa da saƙon da ke ɓata rai ko cin mutunci ko tayar da hankali, da hukuncin tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Da shi aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2020 ta kuma maimaita a 2022. A Fabrairun 2024 aka gyara shi, aka taƙaita shi ga hotunan batsa da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da fitina ko jefa rai cikin hatsari. Duk da haka, a watan Mayun shekarar 'yan sanda suka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu fiye da mako guda da sunan wannan doka. A jihohin Arewa kuma ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code tun kafin a san intanet. Yaron da aka ɗauke daga ɗakin kwanan ɗalibai saboda rubutu guda na bukatar lauyan da ya san cewa kalmomin da ake tuhumarsa da su an cire su daga doka.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka rubuta a waya halal ne. Jita-jita a WhatsApp ta sha tayar da gari. Akwai 'yan mata da tsohon saurayi ke yi wa barazana da hotunansu, suna kuka a ɓoye don ba su san doka na gefensu ba. Mai karatun fannin zai kare mai suka daga mai mulki, ya kuma kare wadda aka tozarta daga mai tozarta ta, da doka guda.

Haka batun rufe hanyoyin sadarwa. A Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022, daga baya Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. Wannan ya samu lauyoyi da surutu. A Satumbar 2021 kuma aka kashe layukan waya a duk jihar Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su buga waya ko su tura kuɗi, kafin a rufe can ma. Mutane da yawa sun goyi bayan matakin saboda azabar da suke sha, kuma sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi don tsaro. Amma ya sa sharaɗi: sai da doka, kuma sai abin da hankali zai karɓa a ƙasar dimokuraɗiyya. Wace doka aka bi, wa ya auna ribar da asarar, wa zai ce ya isa? Ba a yi wa Zamfara waɗannan tambayoyi da ƙarfin da aka yi wa Twitter ba.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya san na'urar kanta, ko da sama-sama. Ya san bambancin abin da saƙo ya ƙunsa da bayanan da ke kewaye da shi, wato wa ya kira wa, yaushe, daga wace hasumiya, domin doka ta sa kamfanonin waya su adana irin waɗannan na shekara 2. Ya san sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta. A shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar labaran da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Lauyoyi da yawa sun zubar da shari'a mai kyau a kan hoton saƙon da suka ɗauka daga fuskar waya suka kai kotu haka nan. Idan mai wannan aiki ya ƙara da Faransanci, ƙofar Nijar a buɗe take, domin ita ma tana da dokar samun bayanan gwamnati tun 2011 da ta kare bayanai tun 2017.

Ɗalibar da ke neman batun kundin kammala digiri ba ta bukatar ta sake rubuta abin da aka rubuta sau ɗari a kan GDPR. Dokar Shaida ba ta ɗaure kotunan yanki a shari'o'in da ba na laifi ba, irin su aure da gado da bashi. To yaya alƙalan waɗannan kotuna ke auna saƙon murya, ko sakin da aka turo ta waya miji ya zo ya ce ba shi ya rubuta ba? Wata uku a benci a kotunan Kano ko Zariya da littafi da biro zai fitar da abin da ba ya cikin kowane littafin karatu. Masarautar da ke karɓar kaso daga kuɗin gwamnati, tana cikin hukumomin da za a iya rubuta wa wasiƙar neman bayani? Rajistar marasa lafiya a asibitin ƙauye, wa ke da makullin kabad ɗinta? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma abin da kowace ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata. Kano kaɗai na da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27. Aji guda na ɗaliban shari'a zai iya raba su a tsakaninsa, kowa ya ɗauki ɗaya, a rubuta wasiƙa iri ɗaya a rana ɗaya ana neman bayanin yadda aka kashe kason wata guda, bayan kwana 14 a zauna a jera waɗanda suka amsa, da waɗanda suka hana da dalili, da waɗanda suka yi shiru.